Ki Je Cocin Nan, Ilda

Ƙanwata Ilda,

Gaisuwa daga nan garin Charleroi. Ya mutanen ƙauyenmu Prali, ya gwiwar taki? Ni lafiya lau, tarin nan ne kawai ya hana ni zuwa.

An ce ran Lahadi fasto za ta sa wa jikanki Ettore da saurayinsa albarkar zama tare a coci, ke kuma kin rantse ba za ki je ba. Haba Ilda! Kin manta labarin Kaka? Mu 'yan cocin Waldensiyawa, a da ko katange maƙabartarmu an hana mu, don addininmu. Yau coci ta buɗe ƙofa, ke ce mai tarewa?

Ki sa farar hular Mama, ki zauna a gaba. Yaron nan zai waiwayo neman fuskarki. Kada ya ga benci babu kowa.

Allah ya tsare ki.

Yayanki,
Bartolomeo