Iddata Ta Cika a Balan

Gafasa, Ajingi.

Zuwa ga Yaya Sagiru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kuma gajiyar horo ta sake ka. Mu nan lafiya ƙalau. Abokinka Muhyiddeen ya kawo mini saƙonka da hotonka cikin kaki. Ka rame, amma kayan sun karɓe ka.

Kullum sai na tuna ranar da ka dawo daga Gaya da labarin ana ɗaukar sabbin sojoji. Ina kwance ina karatun littafi, ka zauna a bakin gado. Tun da ka gama sakandare kake lilo tsakanin gonar gyaɗa, shagon kawunka da komawa makaranta, ba ka tsai da ko ɗaya ba. Ran nan na ga fuskarka ta washe. Ka ce a soja akwai albashi, kuma in mutum ya yi haƙuri zai ci gaba da karatu. Sai dai ba a ɗaukar mai aure, kai kuwa ba ka iya rantsuwa a kan ƙarya.

Shi ne ka yi mini saki ɗaya, a kan cewa da zarar an ɗauke ka za ka bugo waya ka mai da ni kafin idda ta cika. Ban ko yi kuka ba. Abin ma burge ni ya yi, don a littattafaina irin wannan rabuwar ba ta wuce babi biyu.

Ba wanda ya gaya mana ana karɓe wayoyi a wurin horo.

Na zauna a ɗakinka a Balan. Mahaifiyarka, Inna Hure, ta riƙe ni da mutunci. Wayata tana ɗaure a gefen zanena, ko rijiya zan je. Ranar da idda ta cika na yi wanka, na fito na ci gaba da ɓarar gyaɗa. Na jira in ji wani abu a ƙirjina, ban ji ba. Inna ta dube ni ta gane, ta shige ɗaki. Washegari Babana ya aiko aka tafi da ni gida.

Yanzu ka ce in ƙara jira har a ba ka izinin aure, sannan a sake ɗaurawa, ba ka kuma san yaushe ba ne. Na karanta saƙon, na ninke, na je na ɗora tuwo. Ba fushi nake yi ba, Yaya. Na so a ce fushin ne. Littattafan ma in na buɗe, sai in ga baƙaƙe kawai, na ba wa ƙanwata Ummi su duka.

Na yi murna da ka sami hanyarka. Allah ya tsare ka duk inda aka tura ka, ya sa ka yi karatun da kake so. Ka gai da Inna in kun yi waya, ka ce na gode.

Na gaya wa Baba kada ya karɓi sabon sadaki. Ranar Asabar za a je Balan a kwaso kayan ɗakina. Ba zan koma ba.

Wassalam.
Ni ce,
Zulfa Maiwada