An Wanke Jiragen Jethro

Baba, don Allah ka taimake ni da shawara, don na rasa wanda zan faɗa wa maganar nan bai ɗauke ni marar hankali ba.

Maigidana Jethro ya rasu da daminar bana, ciwon ƙirji. Makanikin injuna ne a wata masaƙa nan Kakuri. Tun yana saurayi burinsa ya shiga sojan sama, amma da aka gwada idonsa sai aka ce ya koma gida. Daga nan ya kama haɗa ƙananan jiragen yaƙi na roba, irin waɗanda ke zuwa gutsi-gutsi a kwali, mutum ya yanka da reza, ya manna da gam, ya yi fenti. Allah bai ba mu haihuwa ba. Da farko na yi ta ƙorafi, ga warin gam, ga teburin cin abinci ya zama gareji. Daga baya ni ce mai riƙe masa fiffike har gam ya kama, kowace Asabar da yamma, rediyo na yi, shi yana ta ba ni labarin jirgin kamar a ciki aka haife shi.

Ga abin da mutane ba su sani ba. In ya gama fenti jirgi ya fito fes, sai ya ɓata shi da gangan. Ya kankaro baƙin gilashin fitila ya goga a bayan inji. Ya fere bakin fensir ya shafa a bakin bindiga. Ya ɗiga fentin azurfa da tsinken ashana daidai inda takalmin matuƙi zai riƙa gogewa. Yakan ce jirgin da ba datti a jikinsa bai taɓa tashi ba. Har cikin ɗakin matuƙi yake fentawa, kujera da ɗamara da ƙananan agogunan nan, sa'an nan ya manne gilashi a kai. Ina masa tsiya wa zai leƙa, ya ce shi ya sani ai. In ya gama, ya rataye a silin da zaren kamun kifi.

Da muka kai shi ƙauye muka binne, na daɗe can zaman makoki. A ikilisiyarmu, matan zumunta sukan share gidan wadda aka yi wa rasuwa kafin ta dawo, kada ta tarar da ƙura. Ƙanwarsa Celina ce ke riƙe da makulli. Baba, ta ɗaga kai ta ga jirage duk baƙi-baƙi, sai ta sauko da su ta zuba a daro da ruwan ɗumi da garin sabulu, ta sa soso. Tambarin jirgi da lambobinsa da ruwa ake manna su, da ruwa kuma suke fita. Duk suka taso saman daro kamar ɓawon gyaɗa, aka zubar a kwata. Farfeloli suka karye, baƙin nan da ya yi shekaru yana sawa ya tafi.

Na dawo na tarar ta jere su a kan farin ƙyalle, suna ƙyalli, ita kuma tana tsaye tana jiran in ji daɗi. Ihun da ban yi a bakin kabari ba, ranar na yi shi. Na karɓe makullina.

Tun daga nan kowace Lahadi bayan sujada sai ta zo da kwanon abinci ta buga ƙofa, ni kuwa ina ciki ba na buɗewa. Fasto ya ce in yafe, wai kayan wasa ne kawai. Wannan kalmar ta fi wankin yi mini ciwo. Okechukwu, abokin marigayi mai shagon kayan mota, ya ce zai nemo mai fenti ya sabunta su. Sababbi kuwa babu, tun shekarar da aka canja launin kuɗi ban ƙara ganin kwalin a kanti ba. Yanzu an gaya mini Celina ta ce in har Kirsimeti ta zo ban buɗe mata ba, za ta tattara ta koma ƙauye, ta daina damuna. Ita kaɗai ce jininsa a garin nan. Amma in na ga hannunta, soso nake gani. In bar ta ta tafi? In ba da su a sake fenti? Ni dai na rasa shi sau biyu.

Matar mai jirage, Kakuri

Amsa:

'Yata, Allah ya ba ki haƙuri. Ban yi dariya ba, sai da na cire tabarau na goge.

Fasto ya yi daidai a rabi. Yafiya kam dole, amma ba kayan wasa ba ne. Abin da mutum ya sunkuya a kansa shekara da shekaru, matarsa na riƙe masa fiffike, ya wuce wasa. Ki yi kukanki, kada kowa ya rage miki shi.

To, amma zauna in gaya miki. Ni da nake rubutun nan, da ni aka ba makullin, da soso zan nema. Muna yara an kawo mana wata baƙuwa mai ƙwazo, ta sami tukunyar miyar kakarmu ta kankare ta tas har ta yi ja. Kaka ta yi wata guda tana cewa miya ta rasa ɗanɗano, baƙuwa ta yi wata guda tana kuka, mu kuwa muna ta shan miyarmu. Duk ƙasar nan, in mace ta ga baƙin datti a gidan mamaci, wankewa take yi. Sirrin dattin nan ke kaɗai Jethro ya faɗa wa. Celina ta rasa yayanta, ta duba abin da hannunta zai iya yi masa na ƙarshe, ba ta sami komai ba sai daro da sabulu. Ta yi ɓarna, babu shakka. Amma mai mugunta ba ta shimfiɗa farin ƙyalle, kuma ba ta dawowa da kwano kowace Lahadi.

Ki gode wa Okechukwu, ki ce a bari. Mai fentin mota zai sa su ƙyalli, kin kuwa ga inda ƙyalli ya kai mu.

Kin ce kin rasa shi sau biyu. Ki lura, wadda ta rubuto mini ta san baƙin fitila, ta san fensir, ta san tsinken ashana da inda takalmin matuƙi ke gogewa. Wannan bai bi kwata ba. Lahadin nan, kada ki jira Kirsimeti, ki buɗe ƙofa. Ku ci abin da ta kawo tukuna, da yunwa ba a sulhu mai kyau. Sa'an nan ki ɗauko jirgi ɗaya da fitila, ki nuna mata yadda yake yi, ki bar ta ta shafa da yatsanta. Ba zai koma kamar nasa ba, kada ki sa rai. Amma za ta san abin da ta wanke, ke kuma za ki sami wadda za ku yi kukan tare. Sauran ki mayar da su silin yadda suke.

Abu na ƙarshe. Kin ce yakan fenta cikin ɗakin matuƙi ya manne gilashi a kai. Ban yi miki alkawari ba, don ban ga jiragen ba, amma soso ba ya shiga inda aka manne. Ki ari tocila ki leƙa. Kin taɓa tambayarsa wa zai leƙa. Ki kira Celina ta riƙe miki tocilar.

Allah ya sanyaya zuciyarki, ya sa ku ga Kirsimeti a kwano ɗaya.

Baba na Tudun Wada