Na Rufe Bakin Na'ura, Faifai Ɗaya Ya Mutu Ban Sani Ba

Assalamu alaikum Anti Rahamatu. Don Allah ki taimaka mini da shawara. Kwana uku ke nan ina ɗauke da wata magana, na rasa wanda zan faɗa wa. Ki yi haƙuri idan na yi tsawo, ni dai ban iya ba da labari rabi-rabi ba.

Bara na gama karatun kwamfuta. A watan Fabrairu na samu aiki a wata ƙungiya mai zaman kanta da ke da ƙananan asibitoci huɗu, a Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura. Duk abin da ake rubutawa game da marasa lafiya, musamman katin awon masu juna biyu, yana zuwa ne ya zauna a cikin na'urar ajiya guda ɗaya da ke wani ɗan ɗaki a ofishinmu na Kazaure. Na'urar tana da faifai shida da take adana bayanan a kansu. An tsara ta yadda idan ɗaya ya lalace sauran biyar za su riƙe komai. Idan na biyu ya bi shi kafin a sauya na farkon, shi ke nan, komai ya tafi.

Aikina shi ne sa ido. Duk abin da ya motsa, na'urar takan aiko saƙon gargaɗi zuwa allon da ke gabana da kuma wayata. Kore lafiya lau, ruwan ɗorawa a duba, ja a tashi tsaye. Anti, na taɓa zama na ƙirga: saƙo 2,911 a mako guda. An ɗauke wuta, saƙo. An tayar da janareta, saƙo. Netwok ɗin Gwiwa ya yanke na daƙiƙa goma, saƙo, ya dawo, wani saƙon. Ina cin abinci waya na kuka, ina salla tana kuka, ina cikin adaidaita sahu tana kuka. Har ta kai ko ba ta yi ƙara ba sai in ji kamar ta yi. Kowanne sai na buɗe na karanta, don tsoron kada in tsallake wani abu. Na rame, Mamata ta ɗauka zazzaɓi ne.

Wanda ke sama da ni wani dattijo ne, zan kira shi Baba Sabiru duk da ba sunansa ba ne. Shi ya kafa wannan tsarin shekara bakwai da suka wuce. Aminin mahaifina ne tun suna makarantar kwana, shi ya kai takarduna da hannunsa, kuma har yau durƙusawa nake in gaishe shi ko a ofis ne. Ranar Alhamis 8 ga Mayu na same shi a bakin ƙofa yana shirin hawa babur, na ce masa saƙonnin sun yi mini yawa. Ya yi dariya ya ce in rufe bakin masu ruwan ɗorawan gaba ɗaya, surutu ne kawai, shi ma bai taɓa karanta su ba. Na koma na rufe su. Ban rubuta a ko'ina ba, ban kuma duba waɗanne irin saƙonni ne ke ƙarƙashin wannan launin ba. A makaranta an koya mana a duba. Na sani. Na gaji ne kawai.

Ranar Litinin 2 ga Yuni na shiga ɗakin don in duba ko na'urar sanyaya ɗaki na aiki, sai na ga ɗan ƙaramin haske ruwan ɗorawa a jikin faifai na huɗu. Na buɗe tarihin saƙonni. Faifan ya mutu tun Laraba 14 ga Mayu, ƙarfe biyu da minti goma sha huɗu na rana. Kwana goma sha tara na'urar tana kira, ni na toshe mata baki. Ashe tun farko Baba ya sa mutuwar faifai ɗaya a ruwan ɗorawa, ba a ja ba, wai tunda aiki bai tsaya ba. Na duba ragowar, faifai na biyu shi ma ya fara nuna alamun gajiya. Kwafin bayanan da muke da shi a waje kuwa na watan Maris ne, kuma ba wanda ya taɓa gwada shi.

To ga inda na tsaya. Ba ni da ikon sayen sabon faifai, sai shugabarmu, Hajiya Sadiqa, ta sa hannu, kuma sai an aika Kano. Ita mace ce mai tambaya har ƙarshe. Za ta ce yaya aka yi kwana goma sha tara. Idan na ce ni kaɗai ce, wata huɗu kacal na yi, ba a ma tabbatar da ni ba, wataƙila in tafi gida. Idan na ce Baba ne ya ce in rufe, na tona asirin wanda ya kawo ni, a gaban wadda ya girme ta, kuma maganar za ta riga ni isa gidanmu. Da wane ido zan kalli mahaifina? Shi Baban ma na kasa tunkararsa. Sau biyu ina zuwa teburinsa, in gaishe shi, ya tambayi mutanen gida, in juyo.

Kullum da safe sai in leƙa ɗakin in ƙirga fitilu, biyar kore, ɗaya ruwan ɗorawa, in ce Alhamdu lillahi in fito. Jiya na ga mata a layin awo, kowacce da lambar katinta a hannu, na kasa haɗa ido da su. Anti, yaya zan yi?

Taki,
Mai ƙirga fitilu, Kazaure

Wa alaikumus salam 'yata. Na tura miki wannan amsar ta imel a ranar da wasiƙarki ta iso, ban jira fitowar jarida ba, saboda faifan nan na biyu ba zai jira mu ba.

Kin haɗa abu biyu wuri ɗaya, shi ya sa suka yi miki nauyi. Akwai maganar na'ura, akwai maganar laifin wa. Ta farkon ta yau ce. Ni ba ma'aikaciyar kwamfuta ba ce, amma na tambayi wanda ya sani, ya ce kafin komai a kwashe sabon kwafi a ajiye a wani wuri daban, a buɗe shi a tabbatar yana karantuwa, sannan a sauya faifan. Idan kwafin yana cikin ikonki, ki fara shi kafin ki gama karanta wannan.

Sai laifi. Ba zan ce miki ba ki da shi ba, ke ma ba za ki yarda ba. Hannunki ne ya rufe, kuma ba ki duba ba. Amma shi ma Baba ya ba da umarni a tsaye a bakin ƙofa, kuma shi ya jera launukan. Sannan duk tsarin da ke kiran mutum sau ɗari huɗu a rana ya riga ya koya masa daina ji. Kuskuren ranar 8 ga Mayu na gajiya ne, kowa zai gane. Shirun da kika fara ranar Litinin shi ne wanda kike zaɓa da kanki kowace safiya, kuma shi ne zai yi wuyar yafewa idan katin matan nan ya ɓace.

Game da Baba, ina ganin kin ɗauki girmamawa a baibai. Abin da zai zubar masa da mutunci shi ne tsarin da ya gina ya rushe, a zo a gano 'yar amininsa ta sani ta yi shiru. Gobe da safe ki same shi shi kaɗai. Ki gaishe shi yadda kika saba, kada ki tashi. Ki ce kina so ya zo ya ga wani abu, ki kai shi gaban fitilar, ki nuna masa ranakun. Ba sai kin tuna masa abin da ya faɗa ba, ya sani. Ki roƙe shi ku shiga wurin Hajiya tare. Dattijo yakan fi son ya faɗi nasa da bakinsa.

Idan ya ce a bari zuwa wani makon, ki ce masa cikin ladabi ba za ki iya kwana da shi ba, ki shiga wurin Hajiya ke kaɗai a ranar. Ki kai takarda shafi ɗaya: abin da ya faru da ranakunsa, abin da ake buƙata yanzu, da yadda za a rage saƙonnin a mayar da mutuwar faifai ja. Ki fara da naki kuskuren. Idan ta tambaye ki wa ya ba ki izini, ki faɗi gaskiya a taƙaice, ba ƙari ba ragi. Ki kuma sanar da mahaifinki da kanki a wannan yammar.

Ba zan yi miki alkawarin aikinki zai tsira ba. Sai dai shugaba mai tambaya har ƙarshe takan san darajar ma'aikaciyar da ta zo da awa da minti, har da na kuskurenta.

Allah Ya ba ki ƙarfin zuciya, Ya tsare amanar da ke hannunki, Ya sauki matan nan lafiya. Ki ci abinci, 'yata. Gobe kada ki shiga ɗakin na'urar nan ke kaɗai.

Anti Rahamatu