Suwaitar Rifkatu

Daren Asabar, Ƙofar Dumi

Har yanzu kaina a ɗaure yake. Yau aka yi muhawara tsakaninmu da 'yan koren kaya, makarantar da ko keke ɗaya ba ma yarda mu hau da ɗalibanta. Ana gab da kirana sai wata daga cikinsu ta taso, ta raɗa mini, "'Yar'uwa, rigarki ta ɓaci ta baya." Kafin in ce komai ta cire koriyar suwaitarta ta ɗaura mini a ƙugu. Rifkatu sunanta, daga unguwar Inkil, kuma da ita zan kara.

Haka na hau dandamali da kalar abokan gaba a jikina. Ni da murya ke rawa ko a gaban Baba, yau na yi magana tiryan-tiryan, har aka tafa mini. Duk da haka su suka ci.

A hanyar gida ƙawata Hajara ta ce na zubar mana da mutunci, wai gara in fasa hawa da in ɗaura tsummansu. Wani ɓangare na zuciyata ya yarda da ita.

Na wanke suwaitar, na shanya a ɗaki. Rifkatu ta ce in kai mata gida, mamarta za ta yi mana masa. In je? Me zan ce wa su Hajara?

Amma abin da ya hana ni barci daban ne. Hajara ce zaune a bayana tun safe. Ta gani, ba ta faɗa mini ba.