Sun Kunna Maka Turare a Panyu, Baba

Zuwa ga mahaifina, Malam Idi masassaƙi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uba, ina roƙon Allah Ya yalwata maka makwanci. Daga Guangzhou nake rubuto maka, kuma raina a ɓace yake. Ƙarar Habu na kawo, autanka.

Ka bar shi yana wasa da ɓawon itace a gindin ƙiryar ƙofar gida. Yanzu ya zama saurayi. Ni na kawo shi nan, ina harkar takalmana, shi yana jami'a. Ashe jinin sassaƙa bai bar shi ba. Sai dai ba da gizago ba, da zarton inji yake yi, irin wanda ake kayar da bishiya da shi, mai ƙara kamar babur ɗin da salansarsa ta fashe.

Bana shekarar Olamfik ce, kowa a ƙasar nan neman abin da zai yi gasa a kai yake. Sai wani mai masana'antar zarto a unguwar Panyu ya jera gumagumai a harabarsa, wai kowa ya fitar da siffa kafin la'asar. Habu ya dame ni sai na je.

Baba, abin da na gani ba sassaƙa ba ce, ɓarna ce. Kai da sai ka wuni kana juya gungume, kana ƙwanƙwasa shi da ƙota kana saurare, kafin ka ɗora masa ƙarfe. "Itace ma yana da haƙƙi," kake cewa. Su kuwa sun toshe kunnuwa, hayaƙin fetur ya turnuƙe wurin, rabin itacen ya zama gari a ƙasa, mutane sai tafi suke. Wannan ya fitar da dodon nan nasu mai gemu, wancan gaggafa. Tir!

Sai na iso kan na Habu. Innalillahi! Kai ne, Baba. Hularka da ke karkata hagu, tsagar kumatunka, har giɓin nan naka. Kai da ka ƙare rayuwarka kan turmi da akushi da allo, ba ka taɓa yi wa itace ido ba. Ina tune da baƙon da ya nace ka sassaƙa masa doki, ka ce, "Abin da ba zan iya hura wa rai ba, ba na yi masa fuska."

Wai shi ya zo na biyu. Mai masana'antar ya sa aka kafa ka a bakin ƙofa don ado. Na juya na bar wurin.

Ranar Juma'a daga Masallacin Huaisheng na zarce Panyu. Ashe ma'aikata sun ji labarin cewa uban yaron ne da ya rasu, sai suka yi maka abin da suke yi wa iyayensu. Lemo a faranti, ɗan kofin giya, ga turaren tsinke yana hayaƙi a gabanka. Wata tsohuwa mai shara ta rusuna maka, ta juyo tana min murmushi, ita a ganinta karamci ta yi. Ban ga laifinta ba. Amma sai da na koma gefe na tofar da yawu. Kai ladanin unguwarmu guda, yau kai aka ajiye wa giya!

Na ɗauki shatar mota na kwaso ka zuwa sitona, na kira Habu na wanke shi tas. Na ce ya kawo injinsa ya sare kan nan. Ya zo da shi, ya tayar, ya miƙo min.

Ya ce, "Yaya, ban fi shekara shida ba Baba ya rasu. Hoto ɗaya ne a gida, shi ma ya koɗe, sauran a bakin Inna na ji. Kai ka san fuskarsa, ni sai da na yi ta na gan ta. Sare da hannunka."

Na karɓa, injin yana rawa a hannuna. Na kai shi daidai wuyanka, kana kallona. Na kashe injin.

Yanzu kana bayan kwalayen takalma, na lulluɓe ka da tamfol. Habu ya daina zuwa cin tuwo gidana, ko na kira ba ya ɗauka. Har gobe ƙyamar abin nake ji. Na san hukuncin da za ka yanke, Baba, ba sai ka faɗa ba. Hannuna ne ya ƙi.

Abin da ya fi tayar min da hankali jiya ya faru. Na buɗe sito da safe, iska ta yaye gefen tamfol ɗin, sai kawai na ji bakina ya ce, "Baba, ina kwana?"

Allah Ya jiƙanka, Ya wanke ka daga abin da aka yi da fuskarka ba da saninka ba. Ya dawo min da ƙanena, Ya yafe mana mu biyun.

Ɗanka mai kewarka,
Lawal