Aikin Gidan da Na Bayar Ya Haɗa Ɗalibata da Mahaifinta

Anti, don Allah ki taimaka min da shawara, kaina ya ƙulle. Ni ma'aikaciyar laburare ce a jami'a, kuma ni ke koya wa 'yan ajin farko yadda ake tantance bayani: wa ya faɗa, yaushe ya faɗa, ina hujjarsa. Ina son aikin nan, har maigidana kan tsokane ni wai ko cewa ya yi ana ruwa sai na leƙa taga.

Yaran nan in kina musu bayani a allo hamma kawai suke yi. Sai na ƙirƙiro wani aikin gida: kowa ya ɗauko saƙo guda da aka turo masa a waya, ya bi diddiginsa, in ya gano ba gaskiya ba ne ya mayar wa wanda ya turo da amsa, ya ɗauki hoton amsar ya kawo min in ba shi maki. A lokacin ji nake babu mai dabara kamata.

Akwai wata yarinya mai shiru-shiru, kullum tana kujerar da ke kusa da injin buga takardu. Ita ce ta fara shiga jami'a a gidansu. Mahaifinta direban babbar mota ne. Ya tura bidiyon wata gada da ta rufta a guruf ɗin danginsu, ya biyo da muryarsa yana cewa kada kowa ya bi hanyar, musamman ƙaninsa da ke shirin tafiya. Yarinyar ta yi duk abin da na koya mata, ta gano bidiyon tsoho ne, ba ma a ƙasar aka ɗauke shi ba. Sai ta rubuta a cikin guruf ɗin, inda surukansa da 'ya'yan ƙannensa ke gani, cewa labarin ƙarya ne, a daina tura abin da ba a bincika ba. Wani ɗan baffanta ya sa alamar dariya. Ni kuwa na ba ta cikakken maki, har na nuna wa aji ina yabonta.

Uban ya fice daga guruf ɗin. Ya ce wa mahaifiyarta in dai raini ake koyarwa a jami'a, to da an yi hutu ta tattaro kayanta, ta gama kenan. Yarinyar ta zo ofishina tana kuka. Ba ta zarge ni ba, kuma wannan ne ya fi ci min rai. Tambayata kawai ta yi ko a binciken ne ta yi kuskure. Ba ta yi ba, Anti. Abokin aikina ya ce in cire hannuna, maganar gida ce. Wani lokaci in ji haushin uban, wani lokaci in tuna nawa uban in ji kunya ta kama ni. Hutu ya matso. In kira shi in nuna masa hujja ne, ko in yi shiru?

Malamar Laburare

Malama, sannu da wannan damuwa. Malamin da bai damu da ɗalibansa ba da ba zai rubuto ba.

Abin da kike koyarwa yana da kyau, kada ki bari. Inda aka samu matsala shi ne kin koya musu gano gaskiya, ba ki koya musu yadda ake faɗa wa babba ita ba, sannan kika ɗora maki a kan hoton amsa. Yarinya mai son maki dole ta amsa inda za ta samu hoto.

Ki dubi uban ma. Mutumin da ya shafe rayuwarsa a kan titi ya ga gada ta rufta, ya ji tsoro saboda ƙaninsa. Kulawa ya yi, aka saka masa da dariya a gaban surukai, kuma ƙaryatawar ta fito daga bakin 'yar da yake alfahari da ita. Hukuncinsa ya yi tsauri, amma na mai jin ciwo ne, irinsa kan sauka.

Kada ki je masa da hujja. Ya riga ya san bidiyon tsoho ne, ba shi ke damunsa ba. Ki fara kiran mahaifiyar, ki ce mata ke kika ba da aikin, ke kika ce a mayar da amsa, ki nemi ta sama miki lokacin da za ki gaishe shi ki faɗa masa haka da bakinki. Ita kuma yarinyar ta same shi su biyu ta ba shi haƙuri a kan wurin da ta yi maganar da lafazin da ta yi, ba sai ta ce binciken ƙarya ne ba. In akwai goggo ko kawu da yake jin maganarsu, a sa su ciki. Aikin gidan kuma ki gyara shi: a kawo miki binciken, ki ware darasi guda a kan yadda ake kiran babba gefe.

Abokin aikinki ya yi gaskiya cewa maganar gida ce, amma daga ajinki ta shiga gidan. Ki kira yau, kada ki jira hutu. Allah ya huci zuciyar uban, ya sa ki ga yarinyar nan a ajinki zango mai zuwa.

Anti