Layin Ƙarshe Da Na Fara Rubutawa

Baba,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya ƙafar taka? Ina Inna da su Auta? Ni lafiya lau, sanyi ne kawai, shi ma na fara sabawa.

Ka tambayi aikin da nake yi. Wani ɗan allon lantarki ne da bai kai tafin hannu ba, muke koya masa abin da zai zama idan an soka shi a kwamfuta ta USB. Ba sukuddireba, ba dalma. Folda za ka buɗe a cikin manhajarsa, ka rubuta suna da lamba a fayil, sai ya zama kibod ko filas na ajiyar bayanai. Layin ƙarshe shi ke jona shi.

Ni kuwa don ɗoki da wannan layin na fara. Kwana uku duk gyaran da na rubuta sai ya ƙi karɓa, ga watan gwajina saura mako guda. Ban faɗa muku ba ne don ban so hankalinku ya tashi ba.

Shugabarmu ta zo wucewa riƙe da kofin shayi. Baba, matar nan ta san aiki! Kallo ɗaya ta yi, ta goge layin, ta ce, "Gama shirya shi tukuna, sannan ka jona." Ko tsawa babu. Cikin minti biyar kwamfuta ta gane shi.

An ce in ci gaba da aiki, a taya ni addu'a. Amma kunya ta kama ni. Shekara nawa kana faɗa mini haka a shagonka na gyaran rediyo ina ƙunƙuni? Sai da na zo uwa duniya sannan na ji maganarka.

Ɗanka.